Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Rediyon Mota, Kaset da Faifai

Wannan makon masu karatu sun ajiye waya da kwamfuta sun shiga mota. Duk wasiƙun a kan akwatin nan ne na tsakiyar dashbod, wato rediyo. Tunda shi ma wuta yake ci kuma yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, mun karɓe shi a matsayin ɗan gida.

Tambaya: Na sauya wa motata batir, Honda Accord ce ta 2003 wadda ake ce wa EOD. Tun daga ranar rediyon ya yi gum, CODE kawai yake rubutawa. Ya ƙone ne? Daga Kaduna.

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, Malam, ɓarawo ya ɗauke ka. Tsarin hana sata ne: da wuta ta yanke masa sai ya kulle kansa har a ba shi lambar sirri, lambobi 5 a Honda. Buɗe akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza ka duba gefensa da cikin littafin motar, sau da yawa lambar na nan a jikin sitika ko ƙaramin kati. In babu, kashe rediyon, danne maɓallin 1 da 6 tare, sannan ka kunna. Lambar jikin rediyon za ta fito. Ita da lambar shasi mai haruffa 17 za ka kai wa dilan Honda su nemo maka. Kada ka zauna kana canki-canka, in ka kuskure sau 10 sai ka bar shi a kunne awa guda kafin ya sake sauraronka. Masu Golf su kuma SAFE suke gani, lambobi 4 ne, kuma haƙurinsa bai kai na Honda ba. In ka samu lambar, ajiye ta a wayarka.

Tambaya: Na sa sabon rediyo mai gilashi a Golf 3 ɗina. Da farko kullum na kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo. Na koma wurin mai wayarin ya haɗe wayoyi biyu ya kai su batir kai tsaye, ya ƙara min lasifika biyu a baya. Fiyus ya riƙa ƙonewa, sai ya naɗa masa silin waya, ya ce yanzu ba zai sake ba. Ga shi mota in ta kwana biyu ba ta tashi, kuma ina jin ƙaurin roba. Daga Kano.

Amsa: Malam, ajiye karatun nan ka je ka kwance kan batir mai alamar ragi tukuna. Ka dawo? To zauna, yau da magana.

Gaskiya ya faɗa maka da ya ce fiyus ɗin ba zai sake ƙonewa ba. Motar ce za ta ƙone a madadinsa. Fiyus mai gadi ne da aka ɗauka don ya mutu kafin wayoyinka su mutu: siririn ƙarfe ne da aka auna ya narke idan wuta ta wuce ƙima. In ya narke sau ɗaya, wataƙila tsautsayi ne. In ya narke sau uku, yana faɗa maka ne cewa wata waya ta saɓule tana taɓa ƙarfen mota, ko an ɗora wa layin kayan da ya fi ƙarfinsa. Mai wayarinka ya ji ihun mai gadi, maimakon ya leƙa ya ga ɓarawo sai ya toshe wa mai gadin baki. Batir ɗin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, da su yake juya kik. Wayar rediyo kuwa ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. In suka haɗu babu fiyus a tsakani, wayar za ta yi ja, robarta ta narke a bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa. Ƙaurin da kake ji ke nan. Fiyus ɗin da aka yi wa wannan rowar bai kai kuɗin cajin waya ba.

Kuma launin fiyus magana ce. Ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Rediyo galibi 10 ne ko 15, an rubuta a murfin akwatin fiyus. Wanda ya ciro ja ya mayar da rawaya don "ya fi ƙarfi" ƙanin mai silin waya ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin takaicin, matsalarka ta farko gyaran minti biyu ce. Rediyon kasuwa yana zuwa da wayoyin wuta biyu. Rawaya tana son wuta kullum, ita ke riƙe masa tashoshi da agogo, kuma ta nan yake jan yawancin abincinsa. Ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli, ita ke ce masa tashi ko kwanta. Baƙa kuma jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta. A soket ɗin motocin Volkswagen da Opel da yawa, gurbin rawaya da na ja a juye suke idan aka kwatanta da na rediyon kasuwa. Shi ya sa naka yake mantuwa. Masu ƙera wayoyin sun san da haka, har suka sa wa ja da rawaya mahaɗi a tsakiya don a zare a musanya su ba tare da an yanka komai ba. Shi kuwa ya haɗe su biyun ya kai batir, wato ya ce wa rediyon makulli a murɗe yake dare da rana. Irin mai gilashin nan ƙaramar kwamfuta ce, ko ka kashe fuskarsa cikinsa yana aiki. A ce rabin amfiya yake sha: a awa 24 ya cinye 12 daga cikin 60 ɗin da sabon batir ke ɗauka, naka kuma na tabbata ba sabo ba ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai lasifikun. Kowace ƙafa ta rediyo, wato hanyar da sauti ke fita, an yi ta ne don lasifika ɗaya mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wuta). In aka jona biyu a kan waya ɗaya gefe da gefe sun koma om 2, rediyon zai ja ninkin wuta, cikinsa ya ɗau zafi, fiyus ya tafi. Ƙafafu huɗu ne, kowace da launinta: fara gaba hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai ratsin baƙi a kowane launi ita ce ta ragi. Kada a kuskura a ɗaure wayar lasifika a jikin ƙarfen mota don tsimin waya, nan take abin ƙara sautin ke ƙonewa. Wancan 50W x 4 da aka rubuta da manyan haruffa a kwali kuma, ainihin abin da ke fita bai fi wajen 20 ba. Mai son mota ta riƙa girgiza unguwa sai ya sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, daban, da wayarta mai kauri da nata fiyus dab da batir.

Abin yi: a zare rediyon a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda robarta ta yi baƙi ko ta ƙandare a yanke a sauya. A raba ja da rawaya a mayar da kowace gurbinta. A haɗa da dalma ko maƙalin matsewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure zafin watan Afrilu, gam ɗin narkewa yake. A sa fiyus na asali. Daga nan a sa mita tsakanin kan batir da wayarsa, mota a kashe, ƙofofi a rufe: abin da take sha kada ya wuce miliamfiya 50. Kuma a sauya mai wayarin.

Tambaya: Ina da kaset-kaset na tafsiri tun na shekarun 1990, ina saurare a Peugeot 504 ɗina. Yanzu rediyon yana cinye zaren, muryar kuma ta dushe. Daga Gusau.

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji, datti ne. Abubuwa uku zaren ke gogawa: kan da ke karanta sauti, siririn sandan ƙarfe mai juyawa, da 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa. Zaren kaset ƙurar ƙarfe aka shafa masa, a hankali tana gogewa tana taruwa. In ta rufe kan, murya ta dushe. In ta sa tayar ta yi danƙo, zare ya naɗe a jikinta. A kashe rediyon, a ɗaga murfin, a jiƙa dogon tsinken auduga da sifirit irin na masu gyaran waya a goge su ukun har audugar ta daina fitowa da ja. A bari ya bushe minti 5. Ban da fetur, ban da turare. A riƙa yi duk bayan awa 30 na sauraro.

Kafin a tura kaset, a zura biro a rami ɗaya a juya har zaren ya ɗame, sako-sako shi ne rabin cinyewar. Mai rubutun C120 a bar shi a gida, zarensa ya yi siriri da yawa, a mota C60 da C90 ne daidai. In an iso a fito da kaset ɗin, kada ya kwana a ciki ko a kan dashbod, rana tana lanƙwasa shi. Kada kuma a ajiye shi a kan lasifika, maganaɗisu yana share shi. Idan bayan gogewa muryar malam tana ja tana rawa kamar mai jin barci, bel ɗin robar ciki ne ya saki, sai an buɗe an sauya.

Shawarar da ba a tambaye ni ba: kaset ɗin da ya haura shekara 30 kowace juyawa rage masa kwana take. A sa jika ya jona rikoda da kwamfuta, ya naɗe su da manhajar Audacity, kyauta ce, a zuba a filas da waya.

Tambaya: Na kwafi karatu daga kwamfuta zuwa faifai, yana yi a kwamfutar amma mota ta ce ERROR. Daga Maraɗi.

Amsa: Jan fayilolin MP3 ka yi ka zuba, tsohon rediyo kuwa bai san yarensu ba. A Windows Media Player zaɓi Audio CD, minti 80 kawai zai ɗauka. Yi amfani da CD-R, domin CD-RW ba ya mayar da haske sosai, tsofaffin idanu ba sa ganinsa. Rage gudun rubutun zuwa 8x ko 16x, ka bari ya rufe faifan da kansa.

Tambaya: Faifaina yana tsalle, na goge shi da gefen mayafi bai daina ba. Jiya kuma wani ya maƙale ya ƙi fitowa. Daga Katsina.

Amsa: Hajiya, mayafi mai duwatsu ne ko maras duwatsu? Rubutun faifai layi ɗaya ne da ya faro daga tsakiya yana kewayawa zuwa baki. In kika goge da kewaye, ƙarzar za ta bi layin ta share dogon zango. In kika goge daga tsakiya zuwa baki a miƙe, tsallaka layin za ta yi, na'urar kuma ta iya cike ƙaramin giɓi. Ƙyallen goge tabarau, ɗan ruwa, shi ke nan. Ki riƙe shi ta baki. Bayan da ake rubuta suna a kai ya fi gaban rauni, bayanan suna dab da shi, don haka alƙalamin maka mai laushi kawai, ban da biro, ban da manna takarda. Takardar nan ce ke ɓamɓarowa da zafi ta maƙale a ciki.

In duk faifai tsalle yake, ƙurar hunturu ce a idon na'urar, mai gyara ya buɗe ya goge. In da sanyin asuba kawai yake ƙi, raɓa ce, ki fitar da faifan ki ba rediyon kamar awa guda. Wanda ya maƙale kuma: murɗa makulli, danne EJECT daƙiƙa 10. In ya ƙi, zare fiyus ɗin rediyo na minti ɗaya ki mayar, amma ki karanta amsar farko kafin nan. Wuƙa da katin banki ba su da aiki a wannan ramin.

Tambaya: Rediyona yana wani kuka siriri, in na taka totur ya ƙaru. Daga Zariya.

Amsa: Kukan altaneta ne yana biyo waya. Cire cajar waya daga soket ka saurara, masu araha su ne kan gaba a laifin. In bai daina ba, kwance baƙar wayar rediyo, kankare fenti har ƙarfe ya fito, ɗaure ta tam. In ƙas-ƙas yake maimakon kuka, fulogi ne marasa rizisto.

Tambaya: Camry ɗina 'yar Amurka ce, ba ta kama Rediyon Tarayya Kaduna da kyau a AM. Daga Funtuwa.

Amsa: A Amurka tazarar tashoshin AM kilohaz 10 ce, a nan 9. Kaduna tana kan 594, motarka kuma daga 590 sai 600, gefen tashar kake ji. A FM ma lambobin mara kawai take takawa bayan ɗigo, shi ya sa 99.5 na Freedom a Kano ke shiga lafiya amma irin 96.2 ba za ta samu ba. Rediyon kamfani ba kasafai yake yarda a sauya masa tazara ba, na kasuwa da yawa suna da wurin sauyawa. Duba gilashin baya kuma: in eriyarka siraran layukan nan ne na jikinsa, mai kankare sitika da reza yana iya yanke su.

Tambaya: Na sayi filas mai 128GB, rediyo ya ƙi karantawa. Daga Damagaram.

Amsa: Tsarin jera fayiloli da ake kira FAT32 yake so, naka exFAT ne. Nemi mai 16GB ko 32GB, ka zuba MP3 zalla. Me za ka saurara har na 128GB tsakanin gida da kasuwa?