An dakatar da ni daga gasar gem saboda maganar siyasa, ina mafita?

Tambaya: Barista, ina buga gasar gem (wasan bidiyo) ta intanet, har na ci zagayen ƙarshe na yankinmu. A hirar kai tsaye bayan wasa na yi magana ɗaya kan gwamnati da tsadar rayuwa. Bayan kwana biyu sai ga imel: an dakatar da ni shekara guda, an kuma riƙe kuɗin da na ci. Ashe ba ni da 'yancin faɗar albarkacin bakina?

Amsa: Ƙanena, kana da shi, amma ba nan ƙarfin ƙararka yake ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin magana, sai dai bai tilasta wa wani kamfani ya ara maka dandalinsa ba. Abin da ke tsakaninku yarjejeniya ce, dogon rubutun nan da ka danna "na amince" a ƙasansa ba ka karanta ba. Ni ma ba kullum nake karantawa ba.

An taɓa yin irin taka. A watan Oktoban 2019 wani ɗan Hong Kong da ake kira Blitzchung ya ci wasa a gasar wani gem mai suna Hearthstone, ya fito hira da takunkumi a fuska, ya ɗaga murya da taken masu zanga-zangar garinsu. Kamfanin Blizzard, mai gem ɗin, ya dakatar da shi shekara guda, ya soke kuɗinsa, ya sallami masu gabatarwa biyu da suka yi hirar. Hujjarsa wata ƙa'ida ce ta gasar: duk abin da kamfanin, a ganinsa shi kaɗai, ya ɗauka ya ɓata wa wani ɓangaren jama'a rai ko ya zubar masa da mutunci, hukuncinsa kora da asarar kuɗin. Kafin mako ya zagayo aka mayar masa da kuɗinsa, aka rage dakatarwar zuwa wata shida. Ba kotu ce ta sa haka ba. 'Yan wasa ne suka fara ƙaurace wa kamfanin, ma'aikatansa ma suka nuna ɓacin rai.

To, ka fara da nemo ƙa'idojin gasar kamar yadda suke ranar da ka yi rajista. Ka duba ko sun ambaci kwace kuɗi ƙarara. Idan dakatarwa kawai suka ambata, kuɗin nan bashi ne a kansu, domin ka ci wasan kafin ka buɗe baki, kuma nan ne nake ganin kana da ƙarfi. Dakatarwar kuwa da wuya kotu ta warware ta.

Ka adana imel ɗin da bidiyon hirar da shaidar nasararka. Ka ɗaukaka ƙara a rubuce ta hanyar da ƙa'idojin suka tanada, kafin wa'adi ya wuce, cikin ladabi, kana tambayar wane sashe ka karya. In akwai wanda ya yi irin maganarka aka ƙyale shi, ka ambata.

Sannan ka duba wa ka ƙulla yarjejeniyar da shi. Idan mai shirya gasar kamfani ne na gida, wasiƙar lauya na iya isa, in ta ƙi a je kotu. Idan na waje ne, galibi za ka tarar an rubuta cewa rikici sai a gaban mai sasanci a ƙasarsu, kuma kuɗin bin haƙƙin na iya fin abin da ka ci.

Kada ka buɗe sabon asusu da wani suna don ka ci gaba da gasa. Ranar da suka gano, ka ba su hujjar da a yanzu wataƙila ba su da ita.