Amsa: Me zai hana a riƙa fitar da bulok da sauri?

Ɗan'uwa daga Jidda, ka ce USDT (kuɗin kirifto mai bin darajar dala) da ka tura gida ya daɗe bai isa ba, kana tambaya me ya sa masu tantancewa (masu injunan da ke tabbatar da ciniki) ba sa hanzarta fitar da bulok, wato ƙunshin cinikayyar da ake ɗorawa a kan rajistar blockchain.

Ai ana yi. A Ethereum, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tura irin wannan kuɗi, tun Satumbar 2022, mai tantancewa ɗaya ne ke fitar da bulok duk daƙiƙa 12. BNB Chain kuwa ta rage nata daga daƙiƙa 3 zuwa 0.75 a 2025. Matsalar ita ce dole bulok ya zaga duniya, mai tantancewa na gaba ya karɓa ya duba, sannan ya ɗora nasa. In an matse lokacin, mai raunin intanet ya sha ƙasa, aiki ya koma hannun masu manyan injuna.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce rage yawan miƙa aiki daga hannu zuwa hannu. Ka san layin awon kaya a filin jirgi lokacin Umra: da za a canza ma'aikaci bayan kowane fasinja, sai a kwana. Shi ya sa a hanyar Solana jagora ɗaya, wato mai tantancewar da ke kan aiki, ke riƙe gurbin fitar da bulok 4 a jere, kowanne wajen daƙiƙa 0.4. Sai dai in injinsa ya tsaya, ko ya ƙi saka cinikinka, haƙuri za ka yi har zagayensa ya wuce.

USDT ɗinka kuwa, fara duba ko kamfanin canjin ne ya riƙe shi.