Fatawa: Ko Ya Halatta A Yi Sulhu Maimakon Dakatar Da Ɗaliban Da Suka Yi Faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malami ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan cikin garin Sakkwato, kuma ina cikin kwamitin ladabtarwa. Wasu yara biyu 'yan aji biyar sun yi faɗa lokacin tara, ɗaya ya naushi ɗaya har haƙorinsa na gaba ya fita. Dokarmu ita ce duk wanda ya yi faɗa a tura shi gida mako biyu. Sai ga mai unguwa da limamin unguwar sun zo suna roƙon a bar musu maganar su sasanta. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu na cewa wannan shi ne ceton da Annabi (SAW) ya hana Usama, tunda magana ta riga ta zo gaban hukuma. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam, ya halatta ku karɓi wannan sulhu, kuma a irin abin da ka bayyana shi ya fi dakatarwa, muddin ba a danne haƙƙin yaron da aka ji wa ciwo ba.

Mu fara da hujjar abokan aikinka. Matar nan Bamahzumiya da Usama ya je yi wa ceto sata ta yi, hukuncinta haddi ne da Allah ya yanke, shi ya sa Annabi (SAW) ya ce wa Usama ɗan Zaidu: "Kana yin ceto a haddi daga haddodin Allah?" Mako biyu a gida ba haddi ba ne. Ladabi ne da mutane suka tsara don maslaha, suna iya sassauta shi idan maslahar ta koma wani wuri. Ceto a irin wannan abin lada ne, domin Buhari da Muslim sun ruwaito: "Ku yi ceto a ba ku lada." Abu ɗaya zan ƙara: idan dokar daga ma'aikatar ilimi ta zo, ba shugaban makaranta ya kafa ta ba, to a nemi izinin wanda ke da ikon sassauta ta, kada a yi a ɓoye.

Shi sulhu kuwa ba baƙo ba ne. Allah ya ce a aya ta 9 ta Suratul Hujurati idan ƙungiyoyi biyu na muminai suka yi faɗa a sasanta su, ya kuma ce a sasanta su da adalci. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa mutanen Ƙuba sun yi faɗa har da jifa da duwatsu, da labari ya isa ga Annabi (SAW) sai ya ce: "Ku tashi mu je mu sasanta su." Shi da kansa ya taka ya je. A littattafan da muke karantawa a zaurukan garin nan ma haka yake. Shehu Halilu ya ce a Muhtasar alƙali ya umarci ma'abota falala da 'yan'uwa da sulhu, haka nan idan yana tsoron al'amari ya ƙazanta. To yaran unguwa ɗaya, waɗanda iyayensu ke haɗa sahu a masallaci ɗaya, ai su ne farkon waɗanda wannan maganar ta shafa.

Sai kuma mu tambayi kanmu, me dakatarwar ke gyarawa? Yaron kwana da aka kora yana komawa hannun iyayensa. Amma ɗan jeka-ka-dawo a garin nan, ubansa na fita kasuwa tun safe, uwarsa na cikin gida. Ƙarfe goma za ka same shi a bakin tasha ko gindin bishiya wurin 'yan kabu-kabu, tare da waɗanda suka daɗe da barin makaranta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga shi aji biyar yake, jarrabawar WAEC da NECO na jiran sa baɗi. Gabar kuma tana nan yadda take, sai dai ta tashi daga harabar makaranta, inda malamai ke gani, ta koma lungu inda babu mai raba su. Mafi muni shi ne yadda ake haɗa wanda ya yi duka da wanda aka daka a ba su hukunci ɗaya ba tare da bincike ba. Wannan zalunci ne, ko da an rubuta shi a littafin doka.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne sulhun mutanenmu ke yawan karkacewa. Sau da yawa abin da ake kira sulhu shi ne a tara dattawa a zaure, a dubi uban yaron da aka cuta, musamman in talaka ne, a ce: "Malam, a yi haƙuri, yara ne, a bar wa Allah." Kunya ta hana shi magana, a yi fatiha, a watse, kuɗin asibiti na kansa. Annabi (SAW) ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai sulhun da ya haramta halal ko ya halatta haram, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Abin da aka karɓe ta hanyar kunyatar da mutum bai zama halal ba.

Haƙori yana da haƙƙi sananne, diyyarsa raƙuma biyar ce. Ka duba ƙissar Rubayyi'u 'yar Nadru a Buhari, wadda ta karya wa wata yarinya haƙori. Dangin Rubayyi'u sun nemi afuwa, an ƙi. Annabi (SAW) bai tilasta wa dangin yarinyar ba, cewa ya yi hukuncin Littafin Allah ƙisasi ne. Sai da haƙƙinsu ya tabbata a fili sannan suka yafe don kansu. Tsarin ke nan: a fara bayyana wa mai haƙƙi abin da yake da shi, sannan a roƙe shi.

Idan wanda ya yi dukan bai balaga ba, babu ƙisasi a kansa. Ibn Abi Zaidin ya faɗa a Risala cewa gangancin yaro kamar kuskure yake, abin da ya kai sulusin diyya dangi ke biya, abin da bai kai ba daga dukiyar yaron. Raƙuma biyar cikin ɗarin da ke cikakkiyar diyya ba su kai sulusi ba, saboda haka bashi ne a kan yaron, in ubansa ya ɗauke masa ya kyauta, kuma haka al'adarmu take. Amma 'yan aji biyar galibinsu sun balaga ta alamomi, shekara 18 ana komawa gare ta ne kawai in alama ba ta bayyana ba. In ya balaga, hukuncin babba ne a kansa, kuma wannan maganar kotun shari'a ce idan aka ƙi sulhu, ba ta makaranta ko mai unguwa ba. Haka kuma a duba wanda aka ji wa ciwon. In ya balaga kuma yana da hankalin kansa, yafewa a bakinsa take, a ji daga gare shi. In ƙarami ne, ubansa ba shi da ikon zubar da haƙƙin dukiyarsa a banza, sai dai a yi rangwame saboda rashin halin wanda zai biya.

Saboda haka a zauna a makaranta, da iyayen biyu, da liman, da mai unguwa, da wakilin kwamitinku. A ji kowane yaro shi kaɗai tukuna, a ji shaidu, a san wanda ya fara. A yanke abin da za a biya da ranar biya, a rubuta, kowa ya sa hannu. Mai laifi ya ba da haƙuri da bakinsa. Haƙƙin makaranta kuma bai faɗi don iyaye sun yafe wa juna ba, a ba shi aikin da zai ji a jikinsa, kamar share ajujuwa ko ban ruwan itatuwa bayan an tashi, ba tare da ya rasa darasi ba. Idan ɗaya daga cikin masu sasantawar dangin wani ɓangare ne, a nemo wani.

Akwai inda dakatarwa ke zama dole: yaron da ya shigo da wuƙa, ko wanda aka sasanta ya koma, ko faɗan da ya zama na unguwa da unguwa, kowa na gayyato nasa. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa yara biyu sun yi faɗa, wannan ya kira Muhajirai, wancan ya kira Ansaru, sai Annabi (SAW) ya fito yana cewa wannan kiran jahiliyya ne. A irin haka a raba yaron da sauran ɗalibai don kare su, a damƙa shi hannun ubansa, a ba shi aikin gida, a sanar da hukuma in akwai makami. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan a tambayarka ba.

Wallahu a'alam.