Kafin ku sayi shinkafar nan

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce kai da abokanka kuna so ku fara aikin sa kai don tsofaffin ƙauyenku, har kun soma karo-karon kuɗin shinkafa, kana tambayar ta ina za ku kama. Allah Ya saka muku da alheri. Mu a nan wajen Ringim mun ɗan daɗe a kan wannan aiki, bari in ba ka abin da idona ya gani.

Shinkafa tana da amfani, amma sati biyu ta ƙare. Abin da ya fi cin tsofaffinmu shi ne rashin mai tsaya musu. 'Ya'ya sun tafi ci-rani Kano da Legas da Abuja, an bar tsoho da gona da ciwon gwiwa.

Ku fara da zuwa gaida mai unguwa da dagaci da liman, ku faɗa musu nufinku. Idan ba da saninsu kuka shiga gidaje ba, za a ce kun zo tona asirin mutane. Ku ɗauki mata a cikinku, domin akwai abin da tsohuwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Sannan ku bi gida-gida da littafi: wa ke kwana shi kaɗai, wa yanar ido ta rufe wa gani, wa ke da hawan jini ba magani, wa ba shi da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa.

Wannan lambar kada ku raina ta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, tsofaffi kuma suna cikin masu rauni da ake yi wa rajista, ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, a Jigawa JICHMA, a Kano KSCHMA. To ana zuwa sai a nemi NIN. Na taɓa kai wani dattijo wajen yin rajistar NIN a bayan babur, na'ura ta ƙi karanta yatsunsa saboda fartanya ta cinye zanen. Sau uku muna komawa. Yana zaune a kan benci yana juya tafin hannunsa yana kallo, ya ce mini, "Yaro, ashe har hannun ma ya tsufa." Da shi kaɗai ne, daga zuwan farko zai haƙura.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne gado. Matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, uwa kuma tana da sudusi idan ɗanta ya rasu ya bar zuriya. Kowa ya san wannan a karatu, amma sai ka tarar an sayar da gona tsohuwa tana ɗaki ba ta sani ba, kunya kuma ta hana ta kai ɗan cikinta ƙara. A nan ba faɗa za ku yi ba. Liman za ku ɗauko a zauna a zaure, ita ma a ji ta bakinta. Mafi yawa a nan ake gamawa ba sai an je gaban alƙali ba.

Sai gigin tsufa. Wallahi wannan yana ƙona mini rai. Tsohuwa ta fara mantuwa, tana fita da dare tana kiran sunan mijinta da ya rasu, sai yara su bi ta da jifa ana cewa mayya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mun roƙi liman ya yi huɗuba a kai ranar Juma'a, ya haɗa da ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf", kuma mun ga sauƙi.

Roƙona ɗaya, kada ku ɗauki hoton tsoho riƙe da leda ku sa a Facebook. Wata baiwar Allah ta mayar mana da kayanmu saboda haka, ta ce jikokinta suna da waya. Tun ranar muka koma kai kaya bayan magariba, mutum ɗaya ya yi sallama ya ajiye ya fito.