Amsa ga Kawu kan silin gidan Jekadafari da tsagar bango

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu ina wuni, ya ƙarfin jiki, ya iyali. Yaya Babba barka da yamma. Toh na saurari muryoyin duka yanzun nan, kuma dan Allah Kawu kafin komai a dakatar da leburorin nan, kar su taɓa silin ɗin gobe sai an ji abinda zan faɗa. Ga wanda bai bi maganar ba, Kawu yace za'a fasa tsohon silin asbestos na gidan Jekadafari a sa fibisi, Auta ta turo saƙon da ke cewa asbestos na kawo ciwon kansa, wato ciwon daji, Kawu yace ai siminti ne kawai kuma tun kafin a haife mu yake kwana a ƙarƙashinsa ga shi nan garau, sai Yaya Babba ya ƙara da tambaya biyu, wai ko a duwatsun Bauchi ake haƙo shi tunda an taɓa yin masana'antarsa a can, da kuma ko tsagar da bangon falo yayi tana da alaƙa da tsagar ƙasar da ake cewa ta bi ta ƙarƙashin Gombe. Tunda jiyoloji na karanta kuma da duwatsu nake cin abinci, bari in faɗi abinda na sani.

Kawu maganarka akwai gaskiya a ciki, mafi yawan fallen nan siminti ne, amma akwai kaman kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da ba siminti ba, zare ne, kuma zaren nan dutse ne, wallahi dutse ne da Allah ya halitta a siffar zare, ba a masana'anta ake ƙera shi ba, haƙo shi ake yi. Yadda yake samuwa shi ne, akwai wani irin dutse mai nauyi mai duhu da ke fitowa daga can ƙasa sosai, idan ƙasa ta tsage ruwan zafi ya riƙa bi ta cikin tsagar shekaru aru aru, sai dutsen ya rikiɗe ya koma kore kore mai santsi, shi muke ce ma sapentin, toh a cikin ƙananan tsagogin wannan sapentin ɗin ne zaren ke tsirowa daga wannan gefen tsagar zuwa wancan. A ɗakin adana duwatsu na makaranta an nuna mana shi, dunƙulen dutse kore da fararen jijiyoyi sun ratsa shi, in ka sa allura ka tsokani jijiyar sai ta tashi tayi buzu buzu kaman audugar rimi, ka ja ta ta rabu biyu, ka sake ja ta sake rabuwa, haka za ta yi ta rabuwa har ta fi ƙarfin ido. Wuta bata cinsa, baya ruɓewa, ga ƙarfi ga arha, shi yasa duniya ta rungume shi a da, aka sa shi a rufi da silin da bututun ruwa da takalmin birkin mota.

Iri shida ne. Fari shi ne kirisotail, shi ne kusan kashi 95 cikin ɗari na duk wanda aka yi amfani da shi a duniya, sai shuɗi da ruwan ƙasa waɗanda aka fi haƙowa a Afirka ta Kudu, su zarensu a miƙe yake da tsini kuma sun fi muni, sauran ukun ba'a cika kasuwancinsu ba. Amma kar wani yace namu fari ne ba komai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta yanke cewa dukkansu na kawo kansa, har da farin.

Yanzu Kawu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Dalilin da yasa ka kwana a ƙarƙashinsa duk shekarun nan lafiya, simintin ne ya riƙe zaren, yana ɗaure a ciki baya tashi. Silin da ke zaune ƙalau ba'a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Ranar da aka sa mishi guduma ko giranda ko zarto, ranar ne zaren zai fita ya shiga iska, kuma zaren da ke yin ɓarnar ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, ba'a ganinsa, ba ya wari, ba ya ma sa ka tari a lokacin, sai ya daɗe yana yawo a cikin ɗaki bayan ƙurar da ido ke gani ta kwanta. In an shaƙe shi sai ya wuce har can ƙarshen huhu ya maƙale, jiki yayi ta ƙoƙarin narkar da shi ya kasa tunda dutse ne, wurin yayi ta tabo a kan tabo, huhu ya ƙandare numfashi ya riƙa gagara, ko ya zama kansar huhu, ko wata kansa ta fatar da ta lulluɓe huhu da ake ce ma mesotiliyoma wadda kusan in ka ganta to asbestos ne sila. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ba ya nunawa da wuri, shekara 20, 30, har 40 kafin ciwon ya fito. Yaron da zai fasa mana silin gobe a kan kuɗin yini ɗaya, ƙila sai ya zama magidanci da ƴaƴa sannan zai fara haki, a ce asma ce ko tibi ko sanyi, babu wanda zai tuna da gidanmu. In kuma yana shan taba to haɗarin kansar huhun ninkuwa yake sosai. Haƙƙinsa na kanmu Kawu, mu da muka sani.

Kuma ba jita jitar WhatsApp bane wannan. A 1960 wani likita mai suna Wagner da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka fitar da binciken da ya haɗa shuɗin asbestos da mesotiliyoma, kuma cikin marasa lafiyar har da waɗanda basu taɓa aiki a mahaƙar ba, kusa da ita kawai suka zauna. Daga baya a wasu ƙasashen aka riƙa samun mata da suka kamu saboda kakkaɓe da wanke kayan aikin mazajensu. A Ostireliya akwai garin Wittenoom, an rufe mahaƙarsa a 1966, daga ƙarshe gwamnati ta tashi garin gaba ɗaya ta cire sunansa daga taswira. A Kanada akwai garin da sunansa ma Asbestos, a 2020 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a suka canza sunan. Tarayyar Turai ta hana shi a 2005, Afirka ta Kudu 2008, Kanada 2018, Amurka ta hana farin a 2024, amma har gobe Rasha da Kazakistan da Sin suna haƙowa suna sayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wajen aiki. Mu nan ma ai mun ga abinda ƙurar dutse take yi, a 2010 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinare a cikin gida gubar dalma ta kashe yara sama da 400, guba daban ce amma ta hanyar ƙura a tsakar gida ta shiga.

Toh Yaya Babba, tambayarka ta farko. A'a, ba daga duwatsun Bauchi ake haƙo shi ba, masana'antar haɗa fallen kawai take yi, zaren daga waje ake shigo da shi. Duwatsun Bauchi ba gidan asbestos bane, yawancinsu dangin giranit ne, tsofaffi ne ƙwarai, a lissafin masana wasu sun kai shekara miliyan 600, kai akwai ma wanda duk duniya da sunan garin aka san shi, bauchait, mai duhu kore kore, Farfesa Oyawoye ne ya yi bincike a kansa a shekarun 1960 ya raɗa mishi sunan, kuma ina jin daɗi duk sanda na ga sunan a littafin turawa. Sai irin su Zaranda da Ningi waɗanda suka zo daga baya, dangin duwatsun Jos masu kuza. Inda ake samun sapentin a arewa ya fi yawa ta yamma, wajen Zamfara, a jikin manyan tsagogi irin na Anka.

Gombe kuma labarinta daban ne, mu a kan kwarin Binuwai muke zaune, wanda ya buɗe sama da shekara miliyan 100 da suka wuce lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, ƙasa ta tsage ta nutse, yashi ya cika ta, shi ne dutsen yashin Bima, daga baya teku ya shigo har nan, in baka yarda ba ka je wajen fasa dutsen Ashaka, a cikin dutsen da ake yin siminti da shi zaka ga bawon halittun ruwa a nannaɗe sun zama dutse, wasu sun cika tafin hannu, da zane zanensu raɗau. Tsagar Gombe gaskiya ce tana nan, akwai ta Kaltungo ma, ta Gomben ita ce ta turo tsohon dutsen ƙasa ya ɓullo sama ya zama tudun Gombe da na Liji a tsakiyar dutsen yashi. Amma tsohuwa ce, aikinta ta yi shi tun tuni, mu ba'a bakin faifan ƙasa muke ba, wato inda manyan ɓangarorin ɓawon duniya ke gogar juna, irin Turkiyya ko Japan. Ana ɗan samun motsi jefi jefi a ƙasar nan, kaman na Kwoi a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018, shi yasa ma akwai cibiyar da ke sa ido a kan girgizar ƙasa a Toro nan jihar Bauchi, amma bangon falo ɗaya ya tsage na maƙwabta na tsaye, wannan ba aikin tsagar ƙasa bane. Abin da na fi zargi laka ce, irin yumɓun nan da ke kumbura da damina ya tsuke da rani, yayi ta ɗaga tushen gini yana saukewa, ko kuma ruwan indararo ne ke zuba a gindin bangon yana cin ƙarƙashinsa, ka san ƙasar Gombe da zaizaya. Ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar ka rubuta kwanan wata, in ya sake tsagewa bayan damina to tana motsi a kira injiniya ya duba tushen. Mu masu neman ruwa ma tsaga muke nema ido rufe, a Bauchi in baka dace da tsaga ba sai kayi ta huda dutse busasshe, bohol ɗin da yayi ruwa sosai galibi a kan tsaga ya faɗa.

Mu dawo kan silin. Ni shawarata ta farko Kawu, in ba ya zuba ba ya marmashewa, a bar shi a inda yake, a shafe shi da fenti mai kauri ba tare da an goge shi da sanfefa ba, in fibisin ake so don ado sai a buga katako a jikin bango a ɗaura shi ta ƙasa, tsohon na sama ba'a huda shi ba. Ya fi arha ma. Da ido ba'a iya rabe mai asbestos da marar shi, domin fallen da ake yi yanzu da yawa da wani zaren ake haɗa su kuma kamanninsu ɗaya, sai an kai ɗan guntu ɗakin gwaji an duba da madubin ƙara girma, hukumar binciken ƙasa tana da irin wannan ɗakin a Kaduna, amma silin da ya kai shekarun na gidanmu ka ɗauka kawai akwai shi a ciki.

In kuwa dole sai an cire, misali inda ruwa ya jiƙa shi ya lotsa, to a fitar da Inna da yara da kayan ɗaki da katifu tukuna, a kashe fanka, a rufe ƙofar da ke shiga sauran ɗakuna. A jiƙa shi sharkaf da ruwa mai ɗan omo a ciki da abin feshin gona wanda aka wanke, a zare ƙusoshin a hankali a sauko da falle falle ɗinsa a cike, mutum biyu su tara hannu, ba jefowa ba, ba guduma, giranda kuwa kar ma ta shigo gidan. Masu aikin a saya musu takunkumi na gaske mai matata wanda ke kama fuska, rawani ko hankici ko irin na yadin nan da muka sa lokacin korona basa tare komai. Ba shara da tsintsiya a bushe, tsumma mai ruwa za'a bi da shi a goge sannan tsumman ma ya bi sharar. Kayan da suka yi aikin da su kar su tafi da su gida mata su wanke, a basu tsofaffin kaya su sa, in an gama a haɗa da su a zubar, su yi wanka kafin su fita. Fallayen a naɗe su a leda mai kauri ninki biyu a ɗaure.

Sai inda aka fi yin kuskure, bayan an cire. Na san halinmu, kafin la'asar wani ya zo yace a ba shi ya yi akurkin kaji, wani zai rufe bayi, wata zata ɗora a murhu tunda wuta bata ci, ragowar kuma a farfasa a cike ramin ƙofar gida mota da Keke su yi ta niƙa shi yara na wasa a wurin. Dan Allah Kawu ko kyauta kar a bayar, balle sayarwa. A tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiha a ji inda suka ce a kai, in kuma binnewa za'a yi, rami mai zurfi nesa da rijiya da gona da hanyar ruwa, inda ba za'a zo a tone don gini ba.

Kuɗin takunkumi da leda da ƙarin ladan leburorin ni zan tura, tunda aikin a hankali zai ɗauki lokaci fiye da fasawa. Auta ki ɗauko min hoton silin ɗin ɗaki ɗaki daga ƙasa, kar ki hau kar ki taɓa, musamman inda yayi tabon ruwa, da hoton tsagar bangon ciki da waje har zuwa gindinta, in na gani zan kira Kawu da daddare in sha Allah. A gaida Inna.