Tambaya da Amsa: Da Wane Sauri Ya Kamata a Juya Fedar Keke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi keke mai giya domin zuwa wurin aiki, kuma kullum ina barin sa a giya mafi nauyi saboda ita ce ta fi cin tafiya. Sai dai kafin in isa cinyoyina sun yi tsami, gwiwata ta dama kuma ta fara ciwo. Shin laifin keken ne ko nawa?

Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Keken ba shi da laifi, domin ga dukkan alamu kana danna feda da ƙarfi alhali ƙafarka tana juyawa a hankali, wanda hakan ke ɗora nauyin tafiyar gaba ɗaya a kan gwiwa da cinya.

Abin lura shi ne sau nawa feda ke zagayawa a minti ɗaya. Mai hawan keke na yau da kullum yakan yi kusan zagaye 60, su kuwa 'yan tsere irin na gasar Tour de France ta ƙasar Faransa sukan yi tsakanin 80 da 100. Dalilinsu shi ne giya mai sauƙi da ake juyawa da sauri tana mayar da aikin ga zuciya da huhu, waɗanda ke farfaɗowa cikin ɗan lokaci, saɓanin tsokar cinya da idan ta gaji sai an kwana kafin ta saki.

Ba na ba ka shawarar kwaikwayon 'yan tsere, tunda wurin aiki za ka, kuma ba ka son isa riga sharkaf da gumi. Ka nemi tsakanin 70 da 85. Domin aunawa, ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta taso cikin daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau huɗu. Idan ka samu 13, wato 52 ke nan, giyar ta yi maka nauyi. Idan kuwa ka ji kana tsalle a kan sirdi, ta yi sauƙi da yawa.

Ka riƙa sassauta giya tun kafin ka fara hawan tudu, domin sarƙa ba ta son a sauya ta ana tsakiyar danna feda. Ka kuma duba tsayin sirdin: idan feda ta sauka ƙasa, ya kamata gwiwa ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa. Idan ciwon bai lafa ba bayan mako biyu da wannan gyara, ka ga likita.