Amsa ga Hajiya kan waƙoƙin kaka na Japan da suka dace da 'yar shekara 15

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tun jiya na ga tambayarki, cewa 'yarki mai shekara 15 ta shiga ajin koyon Jafananci saboda son katun ɗinsu, malaminsu ya ce kowa ya kawo waƙar kaka guda, ke kuma ba kya jin yaren, kina gudun kada ta kwaso abin da bai dace ba. Wannan damuwar taki a kan hanya take. Na yi shekara huɗu ina karatu a Sendai, can arewa maso gabashin Japan, ɗakin da na kama haya kuma katanga ce kawai tsakaninsa da wata ƙaramar sakandare, don haka abin da zan faɗa miki da kunnena na ji shi.

Lokacin da suke kira aki, daga Satumba zuwa Nuwamba, mu kan fassara shi da kaka, amma ba ɗanɗano ɗaya ba ne. Kakarmu sabon gero ce da gyaɗa da rumbu cike da hidimar biki. Su ma suna girbin shinkafa a lokacin, sai dai waƙoƙinsu ba su cika zancen amfanin gona ba. Zancensu rana ta fara faɗuwa da wuri, ganye ya yi ja ya zube, wanda ake tare da shi ya tafi. A wajen 'yan makaranta akwai dalili. Shekarar karatu a Afrilu take farawa, dogon hutu kuma a Agusta yake. Da an dawo, 'yan ajin ƙarshe sun ajiye ƙwallo da kulob ɗinsu, sun duƙufa shirin jarrabawar shiga makarantar gaba, wadda ake yi tsakanin Janairu da Maris. Bikin al'adu na makaranta da gasar rera waƙa ta aji-aji, yawanci duk a kaka ake yinsu, kuma kowa ya san na ƙarshe ke nan da za su yi tare. Duk Oktoba da yamma ina jin aji guda suna maimaita baiti ɗaya sau goma, wani yaro na kuskure, a yi dariya, a sake daga farko.

In ni ce ke, da tsofaffin zan fara mata. Akwai Akatombo, wato jan mazari, wadda Miki Rofu ya rubuta a 1921, Yamada Kosaku ya sa mata karin sauti a 1927. Mutum ne yake tuna lokacin da yake goye a bayan mai renonsa, ya ga mazari da almuru, daga baya aka aurar da ita, labarinta ya yanke. Ba wani Bajapane da bai san ta ba. Sai Momiji ta 1911, kan jan ganyen da ke rufe tsauni, da Chiisai Aki Mitsuketa ta 1955, wadda kalmominta ke maimaituwa, ta fi sauƙi ga mai koyo. Na farkon biyu akwai tsohon yare a cikinsu, za ta buƙaci malamin ya warware mata.

Na san dai yarinya za ta ce waɗannan na 'yan firamare ne, ita ta zamani take so. To ga wadda na fi ƙauna a duk cikinsu, ko da ita ma ta kwana biyu: Kosumosu, ta Yamaguchi Momoe, wadda ta fito a Oktoban 1977 tana da shekara 18, Sada Masashi ne ya rubuta mata. Kosumosu fure ne mai siririn kara da ke buɗewa a kaka. Waƙar budurwa ce da za a kai ta ɗakin miji gobe. Uwarta na zaune a baranda tana buɗa tsofaffin hotuna, tana ta maimaita labarin ƙuruciyarta, tana taya ta haɗa kaya, can sai hawaye ya zubo mata, ita kuma 'yar tana roƙon a bar ta ta ƙara zama ɗiya na ɗan lokaci. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta fara kunna min ita, ta kawo min gasasshen dankali a takarda, ta zauna tana fassara min layi-layi da yaren da zan gane. Ban kai ƙarshe ba na tuna daren da aka kai yayata, Inna tana yi mata faɗa muryarta na rawa. Kuka na yi sosai, dattijuwar ta riƙe hannuna ba ta ce komai ba. Hajiya, wannan ku saurare ta tare, da fassararta a gabanku.

Cikin na baya-bayan nan, ƙungiyar Fujifabric na da guda biyu da matasa ke riƙe da su har yau. Ta 2004 sunanta Akakiiro no Kinmokusei. Kinmokusei wata bishiya ce mai ƙananan furanni ruwan lemo, ba ta fi sati ɗaya zuwa biyu tana fure ba, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, amma ƙamshinta kan cika unguwa kafin ma a ga inda take. Mai waƙar yana kan hanyar komawa gida ne ƙamshin ya buge shi, zuciyarsa ta rikice bai san dalili ba. Ta biyun ita ce Wakamono no Subete ta 2007, kan ƙarewar lokacin zafi da wasan wuta na ƙarshe a shekara. A cikinta ya ambaci ƙararrawar ƙarfe biyar. Garuruwa da yawa a Japan suna da lasifikoki a kan turaku, na gargaɗin girgizar ƙasa da ambaliya, kullum da yamma sai a saki ɗan kiɗa ta cikinsu, gwaji ne kuma alama ce ga yara su koma gida. Wanda ya rubuta waƙoƙin biyu, Shimura Masahiko, ya rasu a Disambar 2009 yana da shekara 29. Kalmominsa tsaf suke, babu batsa ko kaɗan.

Kaede ta ƙungiyar Spitz, 1998, ita ma tana da kyau, sunan bishiyar nan mai jan ganye ne, zancenta rabuwa. Mikazuki ta Ayaka, 2006, ma'anarta jinjirin wata, mutum biyu ne da nisa ya raba, kowa na kallon wata ɗaya. Soyayya ce, amma mai kunya. Ke kika san tarbiyyar gidanki, in ba kya son ta fara jin irin wannan tukuna, tsallake ta.

Inda nake so ki sa ido shi ne nan. Waƙar Japan ba a gane ta daga kiɗa. Sau da yawa mai zafin kiɗa da hoton katun mai ban sha'awa ita ce mai nauyin magana. Yoru ni Kakeru ta Yoasobi, wadda ta fito a ƙarshen 2019 ta mamaye ƙasar a 2020, kusan duk yaron da ke kallon katun ɗin Japan ya ji ta, ina kyautata zaton 'yarki ma haka. Kiɗanta kamar na murna, alhali an gina ta ne a kan wani gajeren labari da ya ƙare da mutum biyu sun hallaka kansu. Ba waƙar kaka ba ce, amma YouTube kan jero ta kusa da waɗanda na ambata. Ban ce ki ƙwace mata waya ba, yin haka sai ya sa ta ɓoye miki. Tambaye ta me waƙar ke cewa, ki bari ta yi miki bayani da bakinta, a nan za ki gane ko ta fahimta, ki kuma ji abin da ke ranta.

Game da aikin ajin, ta zaɓi guda ɗaya kawai, ta rubuta baitin farko da hannunta da baƙaƙen hiragana, wato ɗaya daga cikin nau'o'in rubutun Jafananci, ta fassara shi da Hausa a ƙasa. In Akatombo ta ɗauka, gajeriya ce, baiti huɗu ne, cikin kwana uku za ta haddace. In ta maƙale a wata kalma, ki turo a nan, zan duba mata bayan sallar isha'i in Allah Ya yarda. Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a karatunta.